Shekara guda ina bin kirafi a tafkunan Misisifi

Ƙarfe huɗu na dare Kawu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ƙarshen watan Maris ne, kwanana goma sha biyu ke nan a birnin Memfis na jihar Tenesi, har lokacin barcina bai saba da agogon Amurka ba. "Tashi, ɗana," in ji shi, "maƙwabci ya riga ya ɗaura jirgi a bayan mota." Na fito ina makyarkyatar ɗari, na tarar da wani dattijo baƙar fata, dogo, gemunsa duk furfura, yana jera dogayen sanduna a bayan a-kori-kura. Tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, haifaffen yankin Delta na jihar Misisifi. Sun daɗe suna maƙwabtaka da Kawu, dattijon ne ma ya koya wa Kawu kamun kirafi, kifin da za mu je nema. Tun daga ranar nake ce masa Baba. Shi kuwa ya gwada sunana sau uku harshensa ya ƙi, sai ya haƙura yake ce mini yaro.

Ni ɗan Yawuri ne. Kakana, mahaifin Kawu, masunci ne, na tashi ina kallon ana jefa birgi ana ɗaga kalli a Kogin Kwara. Saboda haka da aka ce za a je su, a raina na ce an zo gidana. Ashe da sauran karatu.

Kifin da ake wa wannan sammako sunansa kirafi. Idan ka gan shi a kwance za ka tuna da karfasa: faffaɗan jiki, siriri ta gefe, sai dai bakinsa ya fi faɗi, kuma fatar bakin ba ta da kauri ko kaɗan, shi ya sa wasu ke masa laƙabi da mai bakin takarda. Iri biyu ne. Farin yana da zane-zane a tsaye a jikinsa da ƙaya biyar ko shida a gadon baya, kuma ruwa mai laka bai dame shi ba. Baƙin yana da ɗigo-ɗigo da ƙaya bakwai ko takwas, ya fi son ruwa garau. Mutanen Luwiziyana suna ce masa sakale, daga Faransancin yankinsu. A tafkunan da muka yi ta zuwa, farin ne ya fi yawa.

Muka kama babbar hanya mai lamba 55 muka yi kudu. A wani gidan mai ni da Kawu muka shimfiɗa darduma a gefen mota muka yi sallar asuba, Baba yana tsaye da kofin gahawa yana jiranmu, bai ce uffan ba. Daga Memfis zuwa garin Giranada tafiyar kusan mil 100 ce, kuma a kan hanyar nan kaɗai ake wuce mashigar manyan tafkuna huɗu: Arkabutla, Sardis, Inid da Giranada. Babu wanda aka haƙa don kifi a cikinsu. Bayan mummunar ambaliyar Kogin Misisifi ta 1927, injiniyoyin sojan Amurka suka datse kogunan da ke gangarowa daga tuddan arewacin jihar Misisifi don kada ruwa ya riƙa cinye gonakin Delta. An gama madatsar Sardis a 1940, ta Giranada kuma, wadda ta tare kogunan Yalobusha da Sukuna, a 1954. Baba ya ce in riƙe wannan labarin da kyau, domin mai buɗe ƙofar dam shi ne sarkin kifin nan. Ana tara ruwa idan sanyi ya wuce, a sake shi da kaka don a bar wa ruwan sama mai zuwa wuri. Ban gane nauyin maganar ba sai bayan wata bakwai.

Da muka isa, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Baba bai taɓa sanda ba. Wani ɗan ma'aunin zafi ya zaro daga aljihu, ya ɗaura masa zare, ya tsoma a ruwa, ya tsaya yana kallon bishiyoyi. Da ya ciro sai ya yi murmushi: sittin a ma'aunin Faranhait, wato digiri 15 da ɗoriya a namu lissafin. Ya nuna mini wata bishiya a bakin daji da ta yi fararen furanni, ya ce tun zamanin kakanninsa idan dogwud ta yi fure, kirafi ya shigo gaɓa. Ma'aunin da furen magana ɗaya suke yi. Da zarar ruwa ya kai wannan ɗumi, mazan kifin sukan baro zurfi su shigo inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, su share gurbi a gindin itace, jikinsu ya yi duhu. Matan su zo su zuba ƙwai su koma, mazan su tsaya gadi. Namijin da ke gadi kuwa ko ba ya jin yunwa, duk abin da ya sauko masa a ka sai ya kai masa cafka.

Jirgin ma ɗaure shi muka yi. Aka ba ni wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya kai ƙirji, muka kutsa cikin dajin da ruwa ya shanye, tsakanin itatuwa da sarƙaƙiya. Sandar da aka miƙo mini tsawonta ƙafa goma sha ɗaya, zaren bai fi tsawon hannu biyu ba, a ƙarshensa akwai abin da suke kira jigi: ƙugiya ce mai ɗan kan dalma, an sanya mata jelar roba ko gashi mai launi, nauyinta bai kai giram biyu ba. Ba a jifa. Za ka ja zaren da hannun hagu har jigin ya manne da bakin sanda, ka zura sandar cikin rassa a hankali kamar mai zura hannu a ramin da bai yarda da shi ba, sannan ka saki zaren jigin ya sauka daidai gindin itacen. Ka riƙe shi cak. In ba a taɓa ba, ka matsa gindi na gaba.

Ruwan ranar jawur yake kamar kunun kanwa, don haka Baba ya zaɓa mini jigi mai ruwan lemo da baƙi, shi kuma ya ɗaura mai wani kore-kore mai ɗaukar ido. A ruwa mai laka, in ji shi, kifi ba ya gani da nisa, sai ka ba shi abin da zai gani, kuma ka kai masa har ƙofar ɗaki. A ruwa garau kuwa launi mai sanyi ake sa wa, fari ko ruwan toka, a rage kaurin zare, mutum ya ja baya kada inuwarsa ta faɗa kan kifin.

Cafkar farko da na samu, ji na yi kamar an ɗan buga sandar da yatsa. Jinin Yawuri ya motsa, na fizga da ƙarfin da ake fizgar tarwaɗa. Ƙugiya ta dawo fayau. Kawu ya yi dariya har ya kusa zama cikin ruwa. "Ɗana, wannan ba giwan ruwa ba ne. Bakin ka yage masa." Sai da na ɓarar da uku kafin hannuna ya koyi ɗagawa a hankali, ba tare da sassauta zare ba. Na huɗun da na ciro, namiji ne baƙi wuluk, Baba ya kwantar da shi a kan wani ɗan allo mai awo. Doka a waɗannan tafkuna ita ce kifin da bai wuce inci 12 ba a mayar da shi ruwa. Nawa ya wuce da inci guda. A wasu wuraren wannan babban kamu ne, amma Giranada kirarinta gidan kirafi mai laba uku, wato kilo ɗaya da ɗoriya, saboda haka ba wanda ya ko waiwayo.

Wani abu da ba zan manta ba: ina zura sanda ƙarƙashin wani reshe sai Baba ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Yaro, ja baya." Maciji ne ya naɗe a kan reshen yana shan hantsi, irin mai dafin nan na ruwa da idan ya buɗe baki cikinsa fari fat kamar auduga. Na ja da baya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Daga nan na koyi duba sama kafin in duba ƙasa.

Bayan mako biyu muka koma daidai wannan wuri, ina ta zumuɗi. Cikin dare iskar arewa ta taso, gari ya waye sama tas babu gajimare, sanyi ya dawo. Ma'aunin Baba ya nuna ruwan ya sauka da digiri da yawa. Gindin itatuwan da suka ba mu kifi ran nan duk wayam. Baba bai ɓata lokaci ba, ya ce mu hau jirgi. Muka ja baya zuwa bakin wani tsohon rafi da tafkin ya haɗiye, inda zurfi ya kai ƙafa shida zuwa takwas, ya sauya mana jigi da 'yan ƙananan kifaye masu rai, kowanne a ƙarƙashin ɗan ƙwallon da ke shawagi a saman ruwa. Kifin bai yi nisa ba, in ji shi, ya dai koma zaure ne yana jiran gari ya yi daɗi, kuma a irin wannan rana ba ya bin abin da ke gudu. Mun samu, amma kaɗan, kuma kowanne sai da muka yi masa zaman jiran tsammani.

Kuskurena babba a watan Yuli na yi shi. Baba ya tafi ganin jikokinsa, sai na lallaɓi Kawu muka tafi Sardis mu biyu da ƴan sandunanmu. Zafin wurin ba irin na Sakkwato ba ne mai ƙona fata. Wannan dafa mutum yake yi, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Na nace mu bi gaɓa, gindin itace bayan gindin itace, yadda na koya. Tun hantsi har azahar ko cafka ɗaya. Kawu ya san ba haka ake yi ba, amma ya ƙyale ni, irin ƙyaliyar manya da ta fi faɗa ciwo. A hanyar komawa abin da ya ce kawai shi ne, "Kakanka da rani a ina yake kafa kalli, inda ya kafa da damina?" Na yi shiru. Na san amsar tun ina yaro, kawai ban zaci za ta biyo ni har Amurka ba.

Da Baba ya dawo ya ji labari, ya ce Asabar mai zuwa Inid za mu. A hanya ya ba ni tarihin wurin da alfahari kamar gonar gidansu: a nan ne a watan Yulin 1957 wani mutum mai suna Fred Bright ya kama farin kirafi mai laba biyar da oza uku, kusan kilo biyu da giram 350, kuma har yau ba a karya wannan tarihi ba a duniya. Ya ƙara da cewa in lura da watan. Yuli ne, tsakiyar zafi, lokacin da ni na ce babu kifi.

Abin da ke faruwa shi ne, idan zafi ya kankama ruwan tafki yakan rabu hawa-hawa. Na sama ya yi zafi, na can ƙasa ya yi sanyi amma iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a cikinsa. Sai kirafi ya bar gaɓa ya fita tsakiyar tafki, ya rataye a tsakani, daidai saman inda ruwan ya fara sanyi, yana bin garken wasu ƙananan kifaye masu walƙiya da ake kira shad, waɗanda su ne tuwonsa. Kifin da ya warwatsu a fili haka ba a bin sa ɗaya-ɗaya da sanda. Jan fatsa ake yi a bayan jirgi. Baba ya fito da akwati cike da kifayen roba masu leɓe, kowanne kamar babban yatsa. Leɓen ne ke sa su nutse suna rawa idan an ja su. Ya jera sanduna a gefe da gefe, gajeru a baya, dogaye a gaba don kada zare ya harɗe, ya saita injin a kan tafiyar da ba ta kai mil biyu a awa ba. Zurfin da kifin robar zai kai ya danganta da tsawon zaren da aka saki, shi ya sa kowace sanda take da ɗan agogo mai ƙirga ƙafa. Ya saki wata ƙafa sittin, wata tamanin, wata ɗari, kowacce da launinta. Da sanda mai ƙafa tamanin ta lanƙwasa sau biyu a jere, sai ya mayar da sauran duka tamanin.

A nan ya gaya mini abin da ya fi komai amfani a duk shekarar. Idon kirafi sama yake kallo. Zai taso ya ɗauki abin da ke bisa kansa, amma da wuya ya sunkuya ya bi wanda ya wuce ta ƙarƙashinsa. In za ka yi kuskuren zurfi, gara ka yi shi ta sama.

Gaskiya wannan salon bai kwanta mini ba. Akwai kifi, har mun fi na Maris samu, amma aikin na jirgi ne da inji, mutum yana zaune kamar fasinja. Na fi son daren da muka kwana a kan ruwa a watan Agusta, muka zura koriyar fitila cikin tafki. Hasken ya tara ƙananan halittun ruwa, su suka jawo shad, shad suka jawo kirafi, mu kuma muka saukar da 'yan kifayenmu masu rai a gefen hasken. Sauro ya ci rabonsa, mu ma muka ci namu.

Da kaka na ga abin da Baba yake nufi da mai buɗe ƙofar dam. Giranada da na sani shimfiɗe, kusan eka 35,000, ta janye ta bar fili na laka da kututtura iya ganinka. Dajin da muka kutsa a Maris ya koma tudu, har na hango gindin itacen da na kama kifina na farko, a bushe. Ruwa na janyewa, shad na bin tsohuwar hanyar kogi, kirafi na biye. Salon lokacin shi ne wanda suke kira ɗaurin gizo-gizo: mutum biyu su zauna a goshin jirgi, dogayen sanduna masu ƙafa goma sha huɗu zuwa sha shida a baje a gabansu kamar ƙafafun gizo, kowace da dalma da ƙugiya biyu, jirgi na tafiyar hawainiya a kan gaɓar tsohon kogin. Ido kawai ake sa wa bakin sanduna. Ranar iska ta taso da yamma, kuma tafki marar zurfi mai cike da kututture ba abin wasa ba ne idan ya fara tumbatsa, don haka muka tattara tun la'asar.

Tafiyarmu ta ƙarshe a watan Janairu ce, kuma da jirgin ɗan Baba muka fita, wani matashi ma'aikacin asibiti. Sanyin ranar har zaren fatsa yana yin ƙanƙara a zoben sanda. A gaban jirginsa akwai allo kamar talabijin, haɗe da na'urar LiveScope ta kamfanin Garmin, wadda ta fito a 2018. Tana aika sauti cikin ruwa ta dawo da hoto mai motsi nan take. Da idona na ga kututture a zurfin ƙafa goma sha takwas, na ga wani farin ɗigo a gefensa, na ga jigina yana sauka. Matashin yana ce mini, "Sauke, sauke, tsaya nan." Na tsayar da shi kamar taƙi biyu a saman ɗigon. Da hunturu jinin kifi ya yi sanyi, ba ya son wahala, don haka ba a girgiza jigi, riƙe shi ake yi kamar an kafe shi. Ɗigon ya ɗago a hankali, ya matso, ya tsaya, ya matso. Sai ya haɗe da jigin, sannan na ji bugun a hannuna. Na gani kafin in ji.

Mace ce, laba biyu da rabi, mafi girma da na kama a duk shekarar. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma murnar ba ta kai ta ranar wandon roba ba. Da wannan allo mutum yakan wuce ƙananan kifi ya zaɓi babba kamar mai zaɓen rago a kara, kuma manyan su ne masu ƙwai. Hukumar kula da kifi ta jihar ma ta rage yawan da mutum zai iya ɗauka a rana a waɗannan tafkuna huɗu. Uba da ɗa sun yi ta musu a kan haka a cikin jirgi. Ɗan ya ce na'ura ba ta sa kifi buɗe baki, kuma ya nuna mana guda biyar da suka zo suka shinshina jigi suka juya. Baban ya ce shi abin da ke damunsa, yaran yanzu in batir ya mutu sai su koma gida, ba su san inda rafi ya bi a ƙarƙashin ruwa ba. Ni dai ina bayan Baba, ko da yake na lura shi ma yana satar kallon allon ta gefen ido.

Da daddare aka yi suya a bayan gidan Baba. An fere naman ba ƙaya, fari sol, aka birkiɗa shi cikin garin masara da gishiri da barkono. Matarsa ta sayo sabon man gyaɗa ta nuna wa Kawu kwalbar tun ba a tambaya ba, ta san abin da ba ma ci. Aka haɗa da wasu 'yan dunƙule na masara da albasa da ake soyawa kamar ƙosai. Kawu ya shiga gida ya fito da ƙullin yajin da Inna ta ba ni in kawo masa tun zuwana, wanda yake ta tattali. Baba ya dangwala, ya yi tari, hawaye ya zubo masa, ya sake dangwalawa.

Da zan tafi ya danƙa mini ɗan ma'aunin zafin nan da zarensa. Na ce, "Baba, ruwan Yawuri ai ba ya sanyi irin naku." Ya ce in dai tsoma shi in gani, in rubuto masa abin da ya nuna a watan da karfasa ke shigowa gaɓa.